Ruwan kwamin ninkayata ba ya shiguwa da hunturu: injin ɗumama ruwa zai yi aiki a ƙauye?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ina da ɗan masauki da wurin shaƙatawa a gonata, kan hanyar Tiga, a ƙasar Bebeji. Na gina kwamin ninkaya mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfinsa daga mita ɗaya zuwa kusan biyu. Da bazara har layi baƙi suke yi, amma daga Disamba zuwa Fabrairu ko ƙafa ba mai sawa, ga shi lokacin ne ake hutun makaranta da bukukuwa. Wani dila a Legas ya ce in sayi injin da suke kira hit fam. Wutarmu ba ta zama, da janareta da sola muke lallaɓawa, ruwan kuma na burtsatse ne. Zai yi aiki a nan? Yaya ake kafa shi, kuma me zai ci mini wajen kula?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a wurin. Tambayarka uku ce a dunƙule: ko injin ya dace da yanayinmu, yadda ake dasa shi, da abin da zai riƙa nema a hannunka bayan an dasa. Zai yi aiki. Ta wani ɓangaren ma ƙasarmu ta fi dacewa da shi a kan ƙasashen da aka ƙera shi dominsu. Sai dai idan injin kaɗai ka saya ka jona, kamar yadda dila zai so, ina jiye maka ranar da zai wuni yana gurnani, dizal na ƙonewa, ruwan kuma yana nan da sanyinsa. Abubuwa uku ne ke kashe wannan aiki a yankinmu, kuma ba ko ɗaya da littafin injin ya ba muhimmanci: bushewar iskar hunturu, ƙura, da wuta mara kyau.

Abin da injin yake yi

Ba ya ƙirƙirar zafi kamar hita mai waya. Ɗauko shi yake yi daga iskar waje ya zuba a ruwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan AC ya ji hucin da take fesowa, ya ga rabin labarin: AC tana kwashe zafin ɗaki ta watsar waje, shi kuma wannan yana kwashe zafin waje ya tura cikin kwami. Kayan cikinsu ma ɗaya ne. Fanka tana janyo iska ta ratsa siraran ganyayyakin alminiyam da bututun gas ke bi ta cikinsu. Gas ɗin, yawanci R32 ko R410A, ya fi iskar sanyi sosai, sai ya sha zafinta ya zama tururi. Kwamfuresa ta matse tururin har ya yi zafi ƙwarai, ya wuce cikin wani bututun titaniyam da ruwan kwamin ke kewayawa a jikinsa, ya sauke zafin nan, ya koma ruwa-ruwa, ya sake zagayowa.

Ribar tana nan ne: wutar da kake biya ta juya kwamfuresa da fanka ce kawai. Hita mai waya in ta ci yunit ɗaya, zafin yunit ɗaya za ta ba ka. Wannan in ya ci yunit ɗaya, yakan ba da na huɗu zuwa shida, gwargwadon ɗumin iskar da ya samu. Wannan ninkin shi ne ake rubutawa COP a takardar injin. Da iska ta yi sanyi sai ninkin ya faɗi, kuma da yawa daga cikin masu araha sukan fara gazawa in iska ta sauko kusa da digiri 10.

A Kano da Jigawa, tsakiyar hunturu, asuba kan sauko digiri 12 ko 13, wani lokaci ƙasa da haka, amma da hantsi ya dubi ludayi sai ta fara hawa, azahar ta kai wajen 28 zuwa 30. Mutumin Turai da ke son ɗumama kwaminsa ba ya samun irin wannan rana a lokacin da yake buƙatarta. Kai kana da ita kusan kullum. Saboda haka injinka na rana ne. Daga ƙarfe goma na safe zuwa la'asar, lokacin da iska ke da ɗumi kuma solarka ke ba da wuta. Kunna shi da tsakar dare asarar mai ce.

Ta inda zafin yake gudu

Nan nake so ka ba ni hankalinka, don a nan kuɗinka zai tsira ko ya salwanta.

Ka san dalilin da ya sa ruwan randa ya fi sanyi da hunturu, har haƙori ba ya ɗauka. Jikin randar yana tsattsafo da ruwa, busasshiyar iska ta lashe shi, kuma duk ɗigon da ya tashi da zafin na ciki yake tafiya. Kwaminka haka yake, sai dai bakinsa a buɗe yake, faɗin murabba'in mita 32, iskar arewa maso gabas tana shara a kansa dare da rana, ga danshinta a lokacin yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari.

Bari mu sa lissafi. Tsaka-tsakin zurfin kwaminka kamar mita 1.4 ne, wato yana ɗaukar kimanin lita 45,000. Ɗaga zafin lita dubu da digiri ɗaya yana cin zafin yunit 1.16, don haka kowane digiri ɗaya a kwaminka yunit 52 ne. Mu ɗauka ruwan yana digiri 19 kana so ya kai 27, inda yara za su shiga ba rawar ɗari. Digiri takwas ke nan, kusan yunit 420 na zafi. Wannan sau ɗaya za a biya shi a farkon sanyi, ba shi ne abin tsoro ba.

Abin tsoron shi ne na kullum. Lita ɗaya in ta tashi ta bi iska, da zafin kusan yunit 0.68 take tafiya. In ruwanka na raguwa da milimita biyar kacal a kwana ɗaya, abin da ido ba ya ma lura da shi, lita 160 ce ta tafi, da zafin wajen yunit 109. Digiri biyu cur. Injin da ke ba da kilowat 12, in ya yi awa bakwai, yunit 84 ya zuba. Ka ga an ci shi tun kafin gari ya waye. Gaskiya ne rana ma tana taimakawa da nata zafin, amma da zarar ruwan ya fara ɗumi sai ƙafewar ta ƙaru, ga kuma zafin da sararin sama ke zuƙewa da dare. Mafi yawan injinan da ake kira na in duba ana cewa "ba ya ɗumamawa", lafiyarsu ƙalau. In na sa ma'auni a bututun shiga da na fita sai in ga suna aikinsu. Ruwan ne ke kwana a buɗe.

Maganin shi ne bargon kwami: wata shuɗiyar leda ce mai kauri, mai ƙananan ƙuraje cike da iska, ana shimfiɗa ta a kan ruwa, ƙurajen suna kallon ƙasa. Tana tare ƙafewa kusan gaba ɗaya, tana rage asarar zafi da fiye da rabi, tana hana ƙura da ganye faɗawa, kulorin ma ya fi daɗewa. Kuɗinta bai kama ƙafar na injin ba. Ka nemi mai kauri, maikuron 400 ko 500, da sandar naɗewa, don in naɗewar na da wuya yaranka za su daina rufewa bayan mako biyu. In an naɗe ta kuma a lulluɓe ta daga rana, in ba haka ba zafi zai dafa ta a naɗe ta fara ɓarɓashi. Ta ɓangaren da iska ke kaɗowa, a yi shinge ko katanga, ko layin bishiyu can nesa kaɗan yadda ganye ba zai dame ka ba.

Shawarata ita ce ka fara sayen bargon tun kafin injin. Ka rufe kwamin mako biyu kana auna zafin ruwan safe da yamma. Sau da yawa bargon kaɗai yakan ɗaga ruwan da 'yan digirori, abin da ya rage shi ne za ka saya wa inji, kuma zai kasance ƙarami fiye da wanda aka yi maka tayi.

Amma akwai maganar da ba zan wuce ba ban faɗa ba. Wannan bargo tarko ne ga yaro. Yana ganinsa kamar abin takawa ne, in ya taka sai ledar ta naɗe shi, na waje kuma ba ya ganin komai. Wuri irin naka da iyalai ke zuwa, ga 'ya'yan ma'aikata da na makwabta, dole a kewaye kwamin da shinge mai ƙofa da kwaɗo. In za a yi wanka a cire bargon gaba ɗaya, kada a ja rabi a bar rabi. Don Allah kada a yi sakaci da wannan.

Karanta takardar dila

A takardar yawancin injinan akwai layi biyu na ƙarfi. Na farko, wanda ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali, an auna shi ne a iska mai digiri 26 ko 27 da danshi kashi 80. Na biyu a iska mai digiri 15 da danshi kashi 70, kuma yakan gaza na farko da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. Danshin yana da tasiri, domin in iska mai laima ta taɓa ganyayyakin nan masu sanyi, raɓa ce ke sauka a kansu, saukar raɓar kuma tana ba injin ƙarin zafi kyauta. Iskar hunturu ba ta da wannan kyautar. Ko da azahar ta kai digiri 28, ba za ka samu adadin layin farko ba. Ni da layi na biyu nake lissafi a nan yankin.

Ga kwami irin naka mai bargo, wanda zai yi aikin rana kawai, inji mai ba da kilowat 12 zuwa 14 a layi na biyu ya isa. A lissafi, yunit 420 a kan kilowat 12 awa 35 ne, kwana biyar in ana awa bakwai, amma ka ƙaddara mako guda ko fiye saboda asarar dare. Ka fara tun ƙarshen Nuwamba kafin ruwan ya gama yin sanyi, riƙe ɗumi ya fi dawo da shi sauƙi.

Ka tabbatar bututun cikinsa titaniyam ne, don kulorin na cinye jan ƙarfe. Ka zaɓi mai inbata, wato wanda kwamfuresarsa ke tashi a hankali tana sauya gudu daidai da buƙata. Ka kuma tambayi ko yana juyawa ya sanyaya ruwa, domin da yawansu suna yi, kuma a Afrilu da Mayu, lokacin da Kano ke haura digiri 40, ruwan kwami kan yi ɗumin da ba daɗin shiga. Tambaya ta ƙarshe ga dila, wadda ta fi duk waɗannan: in allon kwamfutar injin ya ƙone, yana da wani a shago? Kwamfuresa, fanka da kafasita duk mai gyaran AC a Sabon Gari zai samo maka makamancinsu. Allon ne ba ya musanyuwa, kuma shi ne yake fara mutuwa.

Kafin ka biya kuma ka auna wata hanyar. Baƙin tiyo irin na masu noman rani a Kadawa da Kura, in aka naɗa shi faifai-faifai a fili ko a kan rufi mai ƙarfi, ruwan kwami yana bi ta ciki da rana, yana ɗumamawa ba tare da kwamfuresa ba. Yana son fili, aƙalla rabin faɗin kwamin ko sama, ranar da hazo ya rufe gari ba ya tsinana abin kirki, ruwan da ya tsaya a cikinsa da rana yakan yi zafin ƙona fata, in kuma aka bar shi yana zagayawa da dare sanyaya kwamin zai yi. Da na gidanka ne kai da iyali, da shi zan ce ka fara. Amma mai karɓar kuɗin baƙi yana bukatar ruwan da zai iya yin alkawari a kansa ranar Asabar, ko da hazo ko babu, wannan kuwa sai inji.

Wuta

Inji irin wannan zai ja kilowat biyu da rabi zuwa uku. Ba ya aiki sai famfon kwami na juyawa, shi ma kusan kilowat ɗaya. Ka ƙaddara huɗu. A janaretan dizal lita ɗaya takan ba da wajen yunit uku, don haka awa bakwai lita tara zuwa goma ce a rana a makon farko, daga baya ta ragu in bargo na aikinsa. Ka ninka da farashin dizal na yau, ka kwatanta da abin da baƙi za su biya a wata ukun. Wannan lissafin kai kaɗai za ka iya yinsa, kuma shi ne zai faɗa maka ko aikin ya cancanta.

Sola ta fi dacewa da shi, tun da lokacin da injin ya fi ƙwazo shi ne lokacin da faranti ke cika. Ba ka bukatar tulin batir domin sa. Amma ka ware masa faranti na kimanin kilowat shida, saboda hazo da ƙurar da ke kwanciya a kansu suna rage abin da suke bayarwa, kuma a riƙa goge su. Inbatar solar ta fi ƙarfin lodin da kyau. A nan ne inji mai inbata ke biyan kuɗinsa: a hankali yake tashi. Tsohon samfuri kuwa fizgar wuta yake yi ninki da yawa a daƙiƙar tashi, ya durƙusar da janareta ko ya kashe inbata.

Wutar KEDCO in ta zo, a ƙarshen dogon layin ƙauye takan iso a raunane, irin wadda kwan fitila ke yin ja. Injin na son bolt 220 zuwa 240. Kwamfuresa a wuta mara ƙarfi tana jan lodi fiye da kima, ta yi zafi, wayar cikinta ta ƙone. Don haka sai an sa na'urar da ke yanke wuta in ta yi ƙasa ko sama da iyaka, mai jinkirin aƙalla minti uku kafin ta mayar, da sitabilaiza mai ƙarfi in za a yi amfani da wutar gari. In injin mai aiki da wutar layi uku ne, a ƙara abin da ke kashe shi in layi ɗaya ya ɗauke ko aka juya su. A sa abin kare tsawa ma, don hadarin farkon damina ya ƙone alluna da yawa.

Sai batun rai. Ruwa ne, da mutane a ciki, da wuta a gefe. Injin ya samu nasa layin daga allon rarraba wuta, da tasa bireka, da bireka mai gane yoyon wuta ta miliamf 30, wadda masu wayarin ke kira RCD ko ELCB. A danna maɓallin gwajinta duk wata. A haɗa jikin injin, famfo da matakalar ƙarfe da wayar ƙasa. Abin da ake mantawa shi ne ƙasarmu tana bushewa ƙayau da rani, musamman wuraren yashi irin na jigayin Jigawa, sandar da aka kafa da damina ta yi kyau, a Janairu ta zama kamar babu. A kafa ta da zurfi, fiye da ɗaya in ta kama, a inda ƙasa ke riƙe laima, kuma a auna ta da na'ura a tsakiyar rani. Wannan aikin ƙwararren mai wayarin ne, kada a ba yaron shago.

Wurin dasawa da haɗa fayif

Kada a sa shi a ɗakin famfo. Masu gini suna son haka don tsaro da kyan gani, amma injin iska yake ci, in ka kulle shi sai ya riƙa shaƙar sanyin da ya fesar, ƙarfinsa ya zube. A waje zai zauna, da sarari aƙalla rabin mita ta baya da gefe, mita biyu zuwa uku ta gaban fanka ba komai. Kada fankar ta fuskanci arewa maso gabas ta riƙa kokawa da iskar hunturu, kada kuma ta fesa sanyi kan masu fitowa daga ruwa. Ya yi nesa da bakin ruwa da aƙalla mita uku da rabi saboda wuta, amma kada ya wuce bakwai ko takwas, don dogon fayif na zubar da zafi a hanya. In tsaro ne damuwar, keji na ƙarfe mai manyan idanu da rumfa mai tsayi sun wadatar, za su kuma tare awaki.

A yi masa dakali na siminti, a daidaita shi da ma'aunin magina, a sa roba a ƙafafunsa. A ɗaga dakalin yadda ruwan Agusta ba zai kai shi ba. Ga masu karatu daga wajen Ringim, Auyo ko Haɗeja, inda ambaliya ba baƙuwa ba ce, a ɗaga shi sosai. In an kawo shi daga Legas a tsaye za a ɗauko shi, in ya iso a bar shi kwana ɗaya kafin a kunna, man kwamfuresa ya koma mazauninsa.

Jerin ruwan kuwa ba a sauya shi: daga kwami zuwa famfo, zuwa tukunyar yashi mai tacewa, sannan injin, sannan abin zuba kulorin, sannan ya koma kwami. Injin bayan tacewa, don kada datti ya shiga. Kulorin bayan injin, da bawul mai hana komawa baya a tsakaninsu, don in famfo ya tsaya kada ruwan magani mai ƙarfi ya gangaro ya kwana a cikinsa. Saboda wannan dalilin ne ma ba a jefa ƙwayar kulorin a kwandon da ke zuƙar ruwa a bakin kwami. Fayif na milimita 50 mai ɗaukar matsi za a sa, kada a karɓi siririn na magudanar bayi ko da mai shago a Ƙofar Ruwa ya ce duk ɗaya ne. Wanda ke fili a rufe shi ko a shafa masa fenti, rana tana busar da shi ya tsage.

A bakin injin a yi mararraba mai bawul uku: ɗaya a shiga, ɗaya a fita, ɗaya a tsakiya da ke barin ruwa ya wuce ba tare da ya shiga ba. Da su ake saita gudun ruwa. Ka buɗe na shiga da na fita, ka riƙa rufe na tsakiya kaɗan-kaɗan kana kallon allon da ke nuna zafi a jikin injin, har bambancin zafin ruwan shiga da na fita ya tsaya a wajen digiri biyu. Ga inji mai kilowat 12 wannan kimanin lita 5,000 ne a awa. In ka sa hannu a inda ruwa ke dawowa cikin kwami da ƙyar za ka ji ɗumin, kuma haka ake so. Mutane kan matse bawul don su ji ruwa mai zafi na fitowa, sai matsin gas ya hau, injin ya kashe kansa. In an gama saiti a yi wa hannun bawul ɗin alama da fenti.

Kula da shi

Ƙura ce aikinka na farko. Lokacin da kake bukatar injin shi ne lokacin da iska ta fi ɗaukar ƙura, kuma duk iskar nan ta cikin ganyayyakinsa take bi. Cikin 'yan kwanaki za ka ga sun yi ja, in ka haska tocila ta baya hasken ba ya ratsawa. Duk mako a hunturu a kashe wuta daga bireka, a wanke su da tiyo mai sassauƙan ruwa daga sama zuwa ƙasa, da burushi mai laushi. Ban da injin wankin mota, yana lanƙwasa ganyayyakin su toshe har abada. Tukunyar yashi ma za ta riƙa cika da wuri: in allurar agogon da ke auna matsin ruwanta ta hau sama da inda take bayan wanki, a juya ruwa baya a wanke ta. Yawancin lokutan da injin ke tsayawa yana nuna alamar ƙarancin ruwa, laifin tukunya ne ko kwandon famfo da ya cika da ganye.

Na biyu ƙananan halittu. Akwatin wutar injin wuri ne mai ɗumi da duhu. Na sha buɗe shi in tarar da ƙadangare ya bushe a kan allo ya haɗa wuta, ko ɓera ya gaigaye wayar ma'aunin zafi, ko zanzaro ya yi ginin laka a bakin magudanar raɓa. A toshe ramukan da waya ke shiga, a share ciyawa kewaye da dakalin, a buɗe a duba duk wata bayan an kashe wuta.

Na uku ruwan kansa. Ka sayi ɗan kayan gwaji, a auna sau biyu ko uku a mako. Awon pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya zauna tsakanin 7.2 da 7.6, kulorin tsakanin 1 da 3. Ruwa mai ɗumi ya fi cin kulorin, gansakuka ma ta fi son sa, don haka abin da ya ishe ka a ruwan sanyi ba zai isa ba. Ruwan burtsatse ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Wani yana da ƙarfe, da ka zuba kulorin sai ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Wani yana da ƙanƙarar farar ƙasa da ke daskarewa a jikin bututun injin ta hana zafi ratsawa, kuma duk ƙafewar da ake yi ana ƙara sabon ruwa, taruwa take yi. Ka kai kwalba ɗaya ɗakin gwajin ruwa a Kano a duba maka kafin a dasa injin.

In ka ga ruwa a ƙarƙashinsa, littafin zai ce raɓa ce, kada ka damu. Da damina haka ne. Da hunturu kuwa raɓar kaɗan ce, don haka jiƙa mai yawa abin bincike ne. Ka tsoma takardar gwajin kulorin a ruwan: in ta sauya launi, na kwami ne ke yoyo.

Gas ba ya ƙarewa kamar fetur. A rufe yake zagayawa, in ya ragu to akwai huda. Mai gyaran da ya ce a ƙara gas bai nemo hudar ba, zai dawo ya sake karɓar kuɗinka. A zuba irin wanda aka rubuta a jikin injin, da nauyin da aka rubuta, a kan sikeli, kada a gauraya da R22. R32 kuma yana iya kamawa da wuta, ba a yin walda a bututun sai an kwashe shi.

Littafin zai cika shafi da yadda ake kare injin daga daskarewar ruwa. Wannan ba matsalarmu ba ce. Tamu ita ce doguwar zaman banza, daga Maris zuwa Nuwamba in ba ka sanyaya ruwa da shi. A rufe bawul na shiga da na fita, a buɗe na tsakiya, a kwance mahaɗan a tsiyaye ruwan ciki, a ɗauraye da ruwa mai kyau, a toshe bakunan, a sauke bireka, a rufe shi da abin da iska ke ratsawa. Leda mai kama jiki tana tara gumi da damina ta jawo tsatsa. A farkon Nuwamba a kira mai gyara ya duba wayoyi, kafasita da matsin gas, a gwada shi tun baƙi ba su fara zuwa ba.

Duk alƙaluman nan daga awon da ka ba ni na fitar da su, ban ga wurin ba, kuma iskar da ke kaɗawa a fili kusa da dam ba ɗaya take da ta cikin gida mai katanga ba. Kafin ka tura wa dila ko sisi, ka sa a yi maka awo uku na mako guda: zafin ruwan da asuba da la'asar, yawan raguwarsa a kwana ɗaya, wanda za ka gane in ka ja layi da alƙalami a jikin tayil daidai bakin ruwa, da ƙarfin wutar gari da ta janareta lokacin da famfo ke aiki. Ka turo mini su tare da hoton takardar injin, layi na biyun ya fito sosai, da ƙarfin inbatar solarka, sai in faɗa maka ko wanda aka yi maka tayi ya dace ko a nemi wani.